Fetur Ko Dizal? Yi Lissafin Hanya Kafin Ka Sayi A-Kori-Kura

Duk wanda ya taɓa zama a bencin garejin kanikawa a Jimeta ya ji wannan gardama. Wani ya ce motar dizal jaka ce, ba ta san gajiya ba. Wani ya ce ai gyaranta ɗaya ya isa ya cinye ribar damina.

A da, gardamar ba ta nisa. Fetur na da tallafi, dizal kuwa, wanda mutanenmu ke kira gas, an daɗe da sakin farashinsa. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, litar dizal ta haura naira 700 alhali fetur bai kai 200 ba a farashin gwamnati. Amma tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, fetur ya zarce 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ya haura 1,000. Tazarar ta tsuke, saboda haka tsohon lissafi ya daina aiki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne duba allon gidan mai kawai. Abin tambaya shi ne, nawa kowace kilomita ke ci? Litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi, injinsa kuma ya fi tattali, shi ya sa inda motar fetur za ta sha lita huɗu, takwararta ta dizal sau da yawa uku ke isarta. A ɗauka daga Yola zuwa Mubi, tafiyar kusan kilomita 200, ta fetur ta sha lita 24, ta dizal 18. In fetur naira 900 ne, ka kashe 21,600. Sai litar dizal ta kai 1,200 kafin kuɗin ya zo daidai. Wato muddin tsadar dizal ba ta ɗara ta fetur da kashi ɗaya cikin uku ba, mai dizal ne da riba a hanya. Wannan misali ne kawai. Cika tankinka, rubuta lambar kilomita, ka sake cikawa bayan tafiya, motarka za ta faɗa maka gaskiyarta.

Wajen jan kaya kuwa, dizal ya yi zarra. Ƙarfinsa na fitowa tun inji na juyawa a hankali, ba sai an taka totur har ƙasa ba. Injin Hilux na dizal mai lita 2.8 yana da ƙarfin ja kusan ninki biyu na injin fetur mai lita 2.7. Wanda ke ɗauko doya daga Ganye, ko buhunan masara daga Gombi da Hong, ko mai hawan tsaunin Mambila da lodi, zai ji bambancin a ƙafarsa da aljihunsa, domin motar fetur in ta ji nauyi shan manta ƙaruwa yake sosai.

Sai dai a nan ne gargaɗi yake. Ƙarfin inji daban, ƙarfin burki daban. Yawancin irin waɗannan motoci kayan tan ɗaya aka ƙera su su ɗauka a baya, wato buhu goma mai kilo 100, kuma a cikin tan ɗin har da nauyin direba da yaran mota. Tan uku da rabi da ake yi wa sabuwar Hilux kirari da shi, na tirela ce mai nata burki. In tirelar ba ta da burki, iyakarta kilo 750. Wanda ya ɗaura wa motarsa tankin ruwa ko matacciyar mota da igiya, ya nufo gangara, burkin mota ɗaya ne ke riƙe nauyin biyu. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Yola ke haura digiri 40, taya da lagireto da kuloci ba sa yafe irin wannan ganganci.

Abu na biyu shi ne tsabtar mai. Na taɓa tsayawa kan wani bakanike yana tsiyaye matatar man wata mota cikin gorar roba. Da ya ɗaga ta a rana, sai ga ruwa kwance a ƙasa, dizal na yawo a sama. Ya dubi mai motar ya ce, "Alhaji, a jarka ka sha wannan, ko ba haka ba?" Alhaji ya yi shiru. Tsohon injin dizal kan haɗiye irin wannan ya wuce, amma na zamani mai kwamfuta ba ya jure ruwa, ƙasa ko gaurayen kalanzir. Nozul da famfo ne ke fara mutuwa, kuɗinsu kuma ba na wasa ba ne. Ga shi masu gyaransu ba su kai na fetur yawa ba. Motar fetur ko a Song ta tsaya ba za ka rasa mai taɓa ta ba.

Haka kuma, motocin dizal da aka shigo da su na hannu daga Turai, da yawa suna da matatar hayaƙi a salansa wadda ke toshewa in mota ba ta samun doguwar tafiya. Mai zirga-zirga tsakanin Yola da kasuwar Jimeta kawai, wahala zai saya.

To, wa ya dace da wacce? In kullum kana kan doguwar hanya da lodi, kana da amintaccen gidan mai da bakaniken da ya san aikin, dizal zai mayar maka da ƙarin kuɗin da ka biya wajen saye. In aikinka cikin gari ne, sai jefi-jefi ka leƙa gona ko kasuwar Ngurore, fetur ya fi maka kwanciyar hankali.

Kowacce ka zaɓa, kada ka yi cinikin biri a sama. Je da bakanikenka da sassafe, a tayar da motar inji na sanyi, ku dubi hayaƙinta. Tambayi kuɗin nozul da na juye kafin ka tambayi kuɗin mota. Dillali na karɓar la'adarsa rana ɗaya ne, kai kuwa kai da gidan mai kullum.