Daga Tuwon Gero zuwa Shinkafa da Magi: Sauyin Cima da Hawan Jini a Kwarin Malanville

Toumboutou na ɗaya daga cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanville, a lardin Alibori, can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin inda Kogin Kwara ya raba ƙasar da Nijar. Sauran huɗun su ne Garou, Guéné, Madécali da Malanville kanta. Dandawa ne suka fi yawa a yankin, suna zaune da Fulani da Zabarmawa da Hausawa, kuma ƙidayar 2013 ta sami mutum sama da 168,000 a ƙaramar hukumar baki ɗaya. Noma, kiwo, su da fatauci ne sana'o'in mutane. A nan, kamar a Gaya da ke tsallaken gada da sauran garuruwan bakin kogi, abin da ake ɗorawa a murhu ya sauya cikin shekaru kaɗan: gero da dawa suna ja baya, shinkafa tana ƙara samun wuri, dunƙulen magi ya shiga kowace miya, sukari kuma ya zama abokin hira.

Dalili na farko shi ne wahalar tuwo. Kafin gero ya zama abinci sai an yi sussuka, an yi surfe, an bakace, an wanke, an kai niƙa, an tankaɗe, an yi talge, sannan a tuƙa. Injin niƙa ya ɗauke wa mata daka, amma sauran aikin yana nan, kuma yana cin itace da yawa a wurin da itacen ke ƙara tsada da nisa. Shinkafa kuwa wankewa ce da zubawa a tukunya, cikin rabin sa'a an sauke. Matar da ke da tallan da za ta haɗa, ko lambun albasa da za ta je, ko yaran da za ta shirya makaranta, ba sai an koya mata lissafin nan ba.

Na biyu, shinkafar ta zo har ƙofar gida ta hanyoyi biyu. Malanville gari ne na noman shinkafa, da fadamun bakin Kwara da na kogin Sota da kuma filin noman rani na ban ruwa. Sannan nan ne ƙarshen babbar hanyar da ta taso daga Kwatano, tafiyar sama da kilomita 700, wadda manyan motoci suka daɗe suna bi da buhunan shinkafar Indiya da Tailan zuwa Nijar da arewacin Najeriya. Wannan fatauci ne ya sa Najeriya rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Kayan da ke ratsa gari ba ya wucewa bai zube ba, kuma abin da ya cika kasuwa shi ke cika tukunya. Tun daga 2017 kuma gwamnatin Benin, da haɗin gwiwar Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, ta faɗaɗa ciyar da yara a makarantun firamare, inda shinkafa ke cikin abin da ake dafawa tare da masara da wake. Shiri ne mai amfani ƙwarai ga yaron da ya fito gida bai karya ba, sai dai yana gina ɗanɗanon baki tun da ƙuruciya.

Akwai kuma batun daraja. Shinkafa abincin salla ce da biki a da, don haka gidan da ke dafa ta kullum ana ganin ya samu. Haka ƙiba: idan fatake ya yi tumbi ko amarya ta yi jiki, sai a ce hutu ya karɓe su.

Ita shinkafa ba guba ba ce. Matsalar tana cikin irin wadda ake ci da abin da ake ci da ita. Farar shinkafa da inji ya goge an raba ta da dusarta, wadda a nan ne mafi yawan harza da sinadaran bitamin suke, don haka tana narkewa da sauri, sukarin jini ya hau da sauri, yunwa kuma ta dawo da wuri. Gero ya fi ta sinadarin ƙarfe da harza, shi ya sa manomin da ya sha fura da hantsi ke kai wa la'asar a gona. Shinkafar da aka yi wa gumi, wato aka turara ta da ɓawonta kafin a ɓare, tana tsakiya: turarin yana tura wani kaso na sinadaran cikin ƙwayar, kuma ba ta ɗaga sukarin jini kamar fara. Matan Malanville sun daɗe da wannan sana'a, har cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice ta kafa musu ingantattun tukwanen gumi da ke rage cin itace. Abin mamaki shi ne mai saye yakan fifita ta waje saboda farinta da rashin tsakuwa, ya bar ta gida da ta fi gina jiki.

Gishiri ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, daga dukkan abin da ya ci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, wani ma ya fi. Babban dunƙule mai giram 10, irin wanda ake sayarwa a ƙasashe renon Faransa, yana ɗauke da kusan kason mutum ɗaya na yini guda. Gaskiya ne tukunya ɗaya mutane da yawa ke ci, amma ba dunƙule ɗaya ake sakawa ba, kuma ana ƙara gishirin gari a kai, ga kanwa a miyar kuka da kuɓewa, ga busasshen kifi, ga yajin tsire da shi ma magi aka daka a ciki. A da daddawar kalwa ce ke ba miya armashi, kuma tana kawo sinadarin gina jiki. Yin ta aikin kwanaki ne, kalwa ta yi tsada, magi kuwa da 'yan canji ake saye a kowane teburi. Daga baya harshe ya saba, har miyar da ba magi ta zama lami, mai gida ya ture kwano.

Sukari yana shiga ta shayi. Matasa na zama a majalisa ana dafa shayin buta hawa uku, kowane hawa da nasa sukarin. Da safe mai shayi na zuba madarar gwangwani mai zaƙi a kan sukari, a haɗa da burodi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, lemon kwalba da zoɓon leda mai sanyi ne ke kashe ƙishi. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ita ce kimanin giram 50 a rana, wato ƙwayar sukari goma ko kusa da haka, rabin wannan ma ya fi, alhali kwalbar lemo guda tana kai giram 35. Zoɓo kansa bincike ya nuna yana ɗan sauke hawan jini, sai dai yadda ake cika shi da sukari yakan cinye ribar.

Motsa jiki bai ragu iri ɗaya ga kowa ba. Manomin Toumboutou da ke huɗa da shema, da masuncin da ke tuƙa jirgi, da matar da ke ɗebo ruwa, sun zarce minti 150 na mako da likitoci ke nema tun kafin Talata. Wanda ya zauna shi ne mai shago, dillali, direba da ɗan kabu-kabu. Man fetur ɗin Najeriya mai arha, da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya, ya sa babur ya maye gurbin ƙafa da keke ko da a tafiyar da ba ta kai kilomita ba. Janye tallafin mai a Najeriya a ƙarshen Mayun 2023 ya ɗaga farashi, amma wanda ya saba hawa ba ya komawa tafiya a ƙasa.

Sakamakon yana fitowa a ma'aunin jini. Binciken ƙasa da Benin ta yi a 2015 bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya gano kusan baligi ɗaya cikin huɗu yana da hawan jini, wato awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce. A duniya baki ɗaya kusan rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba, domin ba ya zuwa da zazzaɓi ko ciwon da zai kwantar da mutum. Yakan yi shekaru yana cin jijiyoyi da zuciya da ƙoda, sai wata safiya baki ya karkace, hannu da ƙafa su mutu. A ƙauye sau da yawa ana danganta shanyewar ɓarin jiki da iska ko sammu, a fara da rubutu da turare, asibiti ya zo daga baya. Mai yawan ciwon kai da ciwon jiki kuma yakan sayi ƙwayoyin kashe zafi a hannun masu talla, alhali irinsu diklofenak da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha, suna ƙara hawan jini, suna kuma taɓa ƙoda.

Wannan sabon nauyi ya sauka ne a kan tsohon da ba a sauke ba. Binciken lafiya na 2017 zuwa 2018 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na yaran Benin 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Ana iya samun gida ɗaya da uba ke fama da hawan jini, uwa da ƙarancin jini, yaro kuma bai kai tsawon sa'o'insa ba, kuma duk daga tukunya ɗaya: shinkafa da mai da yaji da magi tana cika ciki, ba ta da ganye, ba wake, ba kifi. Abin takaici, yankin ba ya rasa waɗannan. Zogale, rama, yakuwa, lalo da tafasa suna nan, ga kwaɗon ganye da Zabarmawa ke kira kopto, ga albasa da tumatir da tattasai da ake loda wa motocin kudu, ga kifin Kwara. Mafi kyawu yakan tafi kasuwa saboda buƙatar kuɗi, abin da ya rage shi ake ci.

Tsarin kiwon lafiya ma an gina shi ne don wasu cututtukan. Yankin lafiya na Malanville da Karimama ya saba da yaƙin zazzaɓin cizon sauro, da rabon gidan sauro, da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara a watannin damina. Irin wannan aiki yana da lokacin farawa da na gamawa. Hawan jini da ciwon sukari kuwa magani ne na kullum har ƙarshen rayuwa, daga aljihun mara lafiya, kuma da yawa suna dainawa da zarar sun ji sauƙi ko kuɗi ya yanke. Aljihun ma ya ƙara matsewa: tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Malanville da Gaya, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe. Ciniki ya ragu, kuma idan samu ya ragu, nama da kifi da maganin wata-wata ne ake fara yankewa, magi da sukari su saura.

Kiran mutane su koma tuwo sau uku a rana ba zai yi tasiri ba, tunda dalilan da suka kawo shinkafa, lokaci da itace da kasuwa, suna nan daram, kuma sauƙin da ta kawo wa mata na gaske ne. Abin da ke hannun kowane gida ya fi wannan ƙanƙanta: shinkafar gumi a madadin fara, wake ko ganye a cikinta, dunƙule ɗaya inda ake saka uku tare da ɗan daddawa, a bar ƙara gishiri bayan magi, wanda za a saka kuma ya zama mai aidin. Harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni idan an rage a hankali. A ɓangaren hukuma, mafi arhar mataki shi ne awo. Na'urar awon jini mai batir ba ta buƙatar likita, awon ba ya wuce minti biyar, kuma a ranakun kasuwar Malanville ana tara manyan mutane fiye da waɗanda ɗakin shan magani na Toumboutou zai gani cikin watanni.