AMSOSHIN WASIƘUNKU: Shin Kujerar Gaba Ta Masu Babbar Riga Ce Kaɗai?

 Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga Kwangila, Zariya, daga wani matashi ɗan shekara 26 mai fataucin tumatir da tattasai zuwa Ikko. Ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Mun karanta wasiƙar a rediyo, amma lokaci ya kwace mana kafin mu ƙare bayani, shi ya sa muka kawo cikakkiyar amsar a nan.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Motar kayansa ta isa kasuwar Mil 12, sai aka bugo masa waya cewa gardama ta kaure tsakanin direba da dillali a kan yawan kwanduna. Tumatir kuwa, kun sani, ba ya jiran kowa. Da asuba ya tari mota a Kwangila zuwa Kano, ya nufi filin jirgin sama. Ya tarar kujerun baya sun ƙare, sai na gaba masu tsada, waɗanda ake ce wa fas-kilas. Ya rufe ido ya biya. Shigarsa a ranar ita ce riga mai gajeren hannu da wandon jins da silifas. Ya ce sau uku ana neman katinsa na shiga jirgi: a ƙofar ɗakin jiran manya, da ƙofar jirgi, da kuma bayan ya riga ya zauna. Kafin ma ta dubi katin, wata ma'aikaciya ta nuna masa hanya da hannu ta ce kujerun baya suna can ciki. Wani Alhaji da ke kusa da shi, mai babbar riga ta shadda, ko sau ɗaya ba a tambaye shi ba. Shi ne yake tambaya: akwai dokar da ta ce sai da irin wata shiga ake zama a fas-kilas? Kuma akwai shekarun da sai mutum ya kai su?

To ƙanena, mun gode da wannan wasiƙa. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Babu wata doka a Nijeriya da ta ce sai mai babbar riga ko mai kwat ne zai zauna a gaban jirgi, na sama ne ko na ƙasa. Tikiti yarjejeniya ce tsakaninka da kamfani: kai ka ba da kuɗi, shi kuma ya ɗauki alkawarin kai ka wuri kaza a kan kujera irin kaza. Da zarar an rubuta sunanka da lambar kujera a jikin kati, to, wannan kujera taka ce har a sauka, kamar yadda buhun masara yake zama naka da zarar ka biya a kasuwar Giwa, ko da tsumma ne a jikinka.

Amma bari in faɗa maka inda maganar tufafi take shigowa, don kada wani ya rikita ka da ita. Kamfanonin jiragen sama da yawa suna da sharuɗɗan ɗaukar fasinja, kuma a ciki sukan ce suna iya hana mutum shiga idan ya zo ba takalmi, ko ya sa tufafin tsiraici, ko rigar da aka rubuta zagi a jikinta. Wannan sharaɗi ya hau kan kowa ne, na gaba da na baya. Sai kuma wata ƙa'ida ta daban da ta shafi ma'aikatan kamfani da iyalansu, waɗanda ake ba tikitin kyauta ko na rangwame. Su kam akan gindaya musu irin shigar da za su yi, domin ana ɗaukarsu tamkar wakilan kamfanin. Alal misali, a watan Maris na 2017, a birnin Denba na Amurka, kamfanin United ya hana wasu 'yan mata biyu shiga jirgi saboda sun sa matsattsen wando. Duniya ta ɗauka da surutu. Daga baya kamfanin ya yi bayani cewa da irin wannan tikiti na iyalan ma'aikata suka zo, kuma ƙa'idar ba ta shafi fasinjan da ya biya kuɗinsa ba. Kai kuwa da guminka ka biya.

Batun shekaru ma haka yake. Inda shekaru suke aiki shi ne a kan ƙananan yara: yaron da zai yi tafiya shi kaɗai akwai takardun da iyayensa za su cike, kuma ba a zaunar da yaro a bakin ƙofar fita ta gaggawa, saboda ana son mai ƙarfin buɗe ta idan wani abu ya faru. Ban da wannan, baligi baligi ne. Kai, tun 2018 ma aka gyara tsarin mulki, ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar wakilai ta tarayya. Wanda ƙasa ta yarda ya je Abuja ya yi mata doka, ai kujerar jirgi ba ta fi ƙarfinsa ba.

To in babu doka, daga ina wannan kallo ya samo asali? Nan ne maganar take da tsawo.

Ku mutanen Zariya kun fi kowa sanin jirgin ƙasa. Tun 1911 layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano. Daga nan Zariya aka ja wani ƙaramin layi zuwa Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957, aka kuma ja wani ta Funtuwa da Gusau har ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Jiragen fasinja na wancan zamani aji uku gare su. Aji na ɗaya galibi Turawa ne da manyan ma'aikatan gwamnati a ciki. Aji na uku, mai bencin katako, shi ne na manoma da fatake da 'yan ci-rani, kowa da ƙunshinsa da kajinsa. Ba sai an kafa allo an ce wane kada ya shiga ba, kuɗin tikitin kaɗai ya isa ya tace mutane. Da shekaru suka yi ta tafiya a haka, sai idon ma'aikaci ya saba da cewa akwai kamannin mutumin aji na ɗaya, akwai kuma kamannin na aji na uku. Turawa suka tafi a 1960, kujerun suka koma hannun 'yan boko da sarakuna da attajirai, amma wannan ido bai tafi ba. Abin da ya sauya kawai shi ne, maimakon a nemi farar fata, sai aka koma neman shadda da tumbi da furfura.

Don ka san ba tufafin ne ainihin matsalar ba, ga wani misali daga Afirka ta Kudu. A watan Yuni na 1893, wani matashin lauya ɗan Indiya mai shekara 23 ya shiga jirgin ƙasa daga Daban zai je Firitoriya, da tikitin aji na ɗaya a hannunsa. Shigar Turawa ya yi tsaf, irin ta wanda ya yi karatu a Ingila. Duk da haka wani Bature ya ce bai yarda ya zauna da shi ba. Aka ce ya koma baya, ya ƙi, aka fitar da shi da kayansa a tashar Fitamarisbag, ya kwana cikin sanyi a ɗakin jira. Wannan matashi shi ne Gandi, wanda daga baya ya jagoranci gwagwarmayar 'yancin Indiya. Ka ga shi kwat ɗinsa bai cece shi ba. Wanda ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa cewa wurin nan ba naka ba ne, in bai kama ka da riga ba zai kama ka da fata, ko da harshe, ko da ƙuruciya.

Jirgin sama shi kuma da farko ba shi da wani aji, domin duk wanda ya iya shiga mai hali ne. A 1952 aka fara sayar da kujeru masu rahusa a jiragen da ke tsallaka teku tsakanin Turai da Amurka, a 1958 aka ƙara fito da waɗanda suka fi su araha, wato ikonomi. Daga nan labule ya shiga tsakani. A jiragenmu na cikin gida ma, abin da muke kira fas-kilas yawanci ajin 'yan kasuwa ne, wato bizines. Ka ji abin dariya: an sa wa aji sunan 'yan kasuwa, ga ɗan kasuwa na gaskiya ya zo ana tuhumarsa.

Sai dai, jama'a, kada mu ɗora wa ma'aikatan jirgi laifin duka. Da fari dai duba kati aikinsu ne, kuma gaskiya ne akan sami masu tikitin baya da kan lallaɓa su zauna a gaba. In an tambayi kowa da kowa, ba wanda zai yi ƙorafi. Abin da ke da ciwo shi ne a tsallake mutum biyar a tsaya a kanka. Na biyu kuma, mu kanmu haka muke yi. Wa bai san gidan gaba ba a tashar mota?

Ni nan da kuke ji na, lokacin ina makarantar horon malamai, na taɓa biyan kuɗin gidan gaba a wata tasha a Zariya zan je gida hutu. Na zauna ina jin daɗina, har na fito da littafi. Mota ta kusa cika sai ga wani mutum da malum-malum. Ɗan kamasho bai ko dube ni ba, ya buɗe ƙofa ya ce, "Kai ɗan makaranta, koma baya ka ba Alhaji wuri." Na koma, aka matse ni tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa, kuma ƙarin kuɗin da na biya har yau ban gan shi ba. Wannan ya daɗe yana ci mini rai. To amma ga inda zan tona wa kaina asiri. Bara na je tarar mota a Kwangila, ƙarƙashin gadar sama, ina sanye da kaftani mai guga da hula. Yaron mota ya hango ni, ya ce, "Yallaɓai, ga gaba." Akwai wani saurayi a zaune a wurin, aka ce ya tashi. Ya tashi, ni kuma na shige ina gyara hula. Sai da muka yi nisa a hanyar Kano na tuna ashe ban ko tambaya ba ko yaron nan ya biya kuɗin gaba. Da wasiƙarka ta zo, shi na fara tunawa.

Na san wasu dattawa za su ce, to ina ladabi? Ai yaro ya ba babba wuri tarbiyyarmu ce. Haka ne, kuma ba mai son a rasa ta. Amma akwai bambanci tsakanin yaro ya ga tsoho mai ciwon gwiwa ya tashi don kansa, da kuma a tashe shi saboda wani ya fi shi tsadar yadi. Na farko kyauta ce, shi ke da ladanta. Na biyu ƙwace ne. Kuma sau nawa aka tashi wani don tsoho mai yagaggiyar riga? Yawanci ba furfurar ake girmamawa ba, shaddar ce. Ku 'yan kasuwa kun fi ni sani: mutum nawa ne a Dawanau ko a kara, da ƙura har gwiwa, wanda abin da ke cikin lalitarsa zai sayi motar da mai kwat yake taƙama da ita? Hausawa dai sun ce wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Yanzu me za ka yi in haka ta sake faruwa? Ka riƙe katinka a hannu tun daga ƙofa, tare da katin shaida mai sunan da ya yi daidai da na jikin tikiti. Wannan ya shafi har jirgin ƙasa na Kaduna zuwa Abuja, wanda aka buɗe a 2016, mutanen Zariya da yawa kan je Rigasa su hau. Tun 2021 aka fara sayar da tikitinsa ta intanet, da sunan mutum da lambar tarago da ta kujera. In an tambaye ka, ka nuna cikin natsuwa. In aka sake dawowa, kana da damar ka ce, "An riga an duba, akwai wata matsala ce?" Sau da yawa wannan tambayar kaɗai takan sa mutum ya ji kunya. In ba ta yi ba, ka nemi ganin shugaban ma'aikatan cikin jirgin. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne ɗaga murya ko kai hannu. A jirgin sama wannan laifi ne babba, ana iya sauke mutum a miƙa shi ga jami'an tsaro, sai ka ga mai gaskiya ya koma mai laifi, tumatir kuma yana can yana ruɓewa.

Idan kuwa har aka mayar da kai baya alhali kuɗin gaba ka biya, to maganar ta wuce ta kallo, ta zama ta haƙƙi. Ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, sun ce a mayar wa fasinja bambancin kuɗinsa. Hukumar tana da sashen kare haƙƙin fasinja, da jami'ai a manyan filayen jirgi. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar da ta kafa ta ta fara aiki a 2019. Kada ka yar da katin bayan ka sauka, ka rubuta rana da lambar jirgi, ka fara kai kuka ga kamfanin a rubuce, in bai saurare ka ba ka wuce gaba. Wani zai ce maka ka kafa hujja da sashe na 42 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana nuna bambanci. Ka sani ƙabila da asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa ya ambata, bai ambaci shekaru ko tufafi ba. Hujjarka mai ƙarfi ita ce tikitin da ke hannunka.

A ƙarshen wasiƙarka ka tambaya ko dai ka riƙa sa manyan kaya in za ka hau jirgi don ka huta da wannan. To, wannan ya rage naka. In ka sa, ba shakka kallon zai ragu, ba zan ɓoye maka ba. In kuma waya ta sake samunka a bakin kwanduna da asuba, ka tafi yadda kake. Kuma tunda makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964 tana nan kusa da ku, kullum kuna ganin ƙananan jiragenta suna shawagi a kan Kwangila, muna fata mu gayyato wani malaminta cikin shirinmu ya faɗa mana abin da ake koya wa ma'aikatan jirgi game da karɓar fasinja. Wanda ke da tambayar da yake son mu yi masa, ya aiko da ita tun yanzu.

Ba ka dai gaya mana yadda aka ƙare da dillalin nan na Mil 12 ba. Muna jiran wasiƙa ta biyu.