Yaron da aka haifa da matsala a huhu: yaushe ake tiyata, kuma wace iri?

Idan yaro ya yi ciwon huhu sau ɗaya, ba abin mamaki ba ne, musamman da hunturu ko lokacin casar masara da dawa, sa'ilin da ƙura ke turnuƙe gari irin Dayi. Amma idan ciwon ya dawo karo na biyu, ya sake dawowa na uku, kuma duk hoton ƙirjin da aka ɗauka tabon na nan a wuri guda, akwai tambayar da ya kamata ka yi wa likita: anya ba da matsalar aka haife shi ba?

Huhu yana fara tsirowa tun wajen mako na 4 da shigar ciki, yana rassa kamar bishiya. Na dama yana da sassa 3, na hagu 2, kowane sashe da bututun iskarsa da jijiyoyin jininsa. Wani lokaci reshe ɗaya kan kauce wa tsari, sai sashen da ya fito daga gare shi ya zo a gurgunce. Ba laifin uwa ba ne, ba wani abin da ta ci ba ne, ba kuma shafar iskoki ba. Abu ne da ba kasafai ake ganinsa ba, a cikin dubban haihuwa ake samun ɗaya.

Wanda aka fi gani shi ne wanda likitoci ke kira CPAM, inda sashen huhu ke zama tarin 'yan jakunkuna masu iska ko ruwa maimakon tsoka mai numfashi. Akwai kuma guntun huhu da ya ware kansa: ba ya haɗe da hanyar iska, jininsa ma daga babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya yake samu. Akwai jaka guda ɗaya mai majina da kan zauna kusa da maƙoshi. Sai kuma wanda ya fi saurin tayar da hankali, wato sashen da ke kumbura da iska. Bututunsa ba shi da ƙwari, iska na shiga amma ba ta fita, sai ya yi ta hurowa kamar balan-balan har ya danne lafiyayyen huhun, ya ture zuciya gefe. Sashen sama na huhun hagu ya fi kamawa, kuma yawanci kafin wata 6 yake bayyana.

Wannan na ƙarshe yana da tarko. A hoton ƙirji yana kama da iskar da ta tsere ta taru a bayan huhu, wadda maganinta shi ne a soka roba a zuƙe ta. Idan aka soka wa sashen da ya kumbura roba, an huda huhun ne, lamarin ya ƙara lalacewa. Tarko na biyu ya fi yawa a wurarenmu: yaro mai tari da rama da tabo a hoto, sai a ɗora shi a kan maganin tarin fuka na watanni, ba sauƙi. Idan gwajin tarin fuka bai nuna komai ba kuma magani bai yi aiki ba, hoton CT ne ke raba gardama, domin shi ke nuna sashen da abin ya shafa da kuma inda jininsa ke fitowa.

To, wace tiyata ake yi? Wadda aka fi yi ita ce cire sashen da ya lalace gaba ɗayansa. Na san abin da zai zo maka a rai: a yanke wa jariri huhu, da me zai yi numfashi? Ai sashen da za a cire tun asali ba ya aikin numfashi, matse na kusa da shi kawai yake yi. Sannan huhun jariri bai gama ginuwa ba. Ana haihuwarsa da 'yan ƙananan buhunan iska miliyoyi kaɗan idan aka kwatanta da na baligi, wanda ke da ɗaruruwan miliyoyi, kuma mafi yawan ƙarin yana faruwa ne a shekaru 2 zuwa 3 na farko. Shi ya sa idan aka cire sashe ɗaya da wuri, ragowar kan girma su cike gurbin. Yawancin irin waɗannan yara suna tashi su yi guje-guje da ƙwallo kamar kowa.

Hanyar shiga ƙirjin iri biyu ce. Ta farko ita ce a tsaga gefen ƙirji tsakanin haƙarƙari biyu, likita ya ga huhun ido da ido. Ta biyu kuma a yi 'yan huji 3 ko 4, a zura kyamara da siraran kayan aiki, ana kallo a allo. Likita Steven Rothenberg na birnin Denver a Amurka yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan hanya ga jarirai. Ciwonta bai kai na tsaga ba, tabonta ƙarami ne, kuma tana rage haɗarin karkacewar ƙirji ko ƙashin baya idan yaro ya girma. Amma kada ka raina tsagar. A hannun gwani sakamakonta mai kyau ne, kuma idan huhun ya sha ruɓewa ya manne da bangon ƙirji, sau da yawa ita ce ta fi aminci. A ganina, gogewar likita da ta mai ba da maganin barci sun fi sunan hanyar muhimmanci.

Wasu likitocin kan yanke wurin da ya lalace kawai su bar sauran sashen. Ana yin haka musamman idan matsalar ta taɓa sassa fiye da ɗaya, sai dai akwai yiwuwar a bar ɓurɓushi a baya. Shi kuwa guntun da ya ware kansa, babban aikin shi ne a gano jijiyar da ke shayar da shi a ɗaure ta da kyau, domin idan ta kuɓuce jini ne zai ɓalle. A wasu cibiyoyi ana toshe jijiyar ta cikin siririyar roba ba tare da buɗe ƙirji ba.

Idan jariri yana fama da numfashi, ba a jira. Inda masana suka rabu shi ne yaron da aka ga abin a hotonsa tun yana ciki, aka haife shi garau. Da yawa daga likitocin Amurka sun fi son a cire tsakanin wata 3 zuwa shekara 1, kafin ƙwayoyin cuta su shiga, kuma saboda akwai wani nau'in ciwon daji na yara da kan yi kama da CPAM a hoto, ko da yake ba shi da yawa. A Ingila da wasu ƙasashen Turai kuwa, wasu na ganin a sa ido kawai, tunda tiyata ma da nata haɗarin: zubar jini, yoyon iska, ko shigar ƙwayoyin cuta. Sai dai sa ido na nufin zuwa asibiti a kai a kai da samun likita cikin gaggawa idan abu ya rikice. Ga iyalin da ke ƙauye a bayan Dayi, da damina, wannan lissafi ne na daban, kuma ya dace ka faɗa wa likita gaskiyar nisanka da halinka kafin a yanke shawara.

Har a cikin mahaifa ana taimakawa. Idan CPAM ya yi girma har ya danne zuciyar ɗan tayi, jikinsa ya fara tara ruwa, akan yi wa uwa allurar betametazon, wadda kan sa ƙullin ya daina girma. Idan babbar jaka ce guda, akan sa 'yar roba ta riƙa tsiyayar da ruwan. Buɗe mahaifa a yi wa ɗan tayi aiki, wanda Michael Harrison ya fara a San Faransisko a 1981, sai a cibiyoyi ƙalilan a duniya. Abin da ke hannunka shi ne awo da hoton ciki tsakanin mako na 18 zuwa 22. Da yawa daga waɗannan ƙulli ma suna raguwa da kansu kafin haihuwa, amma ko sun ɓace a hoton ciki, a sake dubawa bayan an haihu. Idan an ga wani abu babba, a shirya haihuwa a asibitin da ke da sashen jarirai.

Wannan aiki ne na asibitin koyarwa. Daga Dayi, babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa nan ne za a ɗauki hoton farko a rubuta takardar turawa, daga nan sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ta hanyar Gwarzo, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ka riƙe duk tsofaffin hotunan ƙirji, ko sun yi datti, domin jera su ne ke nuna tabon bai taɓa motsawa ba. Kuma ka ƙirga numfashin jariri na minti ɗaya yana kwance lafiya: 60 ko fiye ga wanda bai kai wata 2 ba, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko ƙasan ƙirji na lotsawa ciki, ko leɓe ya yi shuɗi, wannan na asibiti ne a ranar. Cire beli ko sakiya ba sa kai wa ga huhu.

Bayan tiyata za ka ga roba a gefen ƙirjinsa tana fitar da iska da ruwa, ana cire ta bayan 'yan kwanaki. A ci gaba da ba shi nono, a kammala masa allurar rigakafi, a nisanta shi da hayaƙin murhu da na maganin sauro, a kuma koma ganin likita a ranakun da aka rubuta.