Layi ɗaya ko layi biyu: abin da ɗigon jini yake faɗa

Cikin tambayoyin da kuke kawo mana ofishin kariya, akwai wadda take yawan dawowa, ita ce ta wannan 'yar farar robar da ma'aikatan asibiti suke ɗiga wa jinin yatsa. Wasu na tambaya yaya za a yi abu kamar tsinke ya san ciwon mutum cikin minti 15. Wasu kuma tsoronsu shi ne kada sakamakon ya taɓa takardunsu ko rabon abincinsu. Mun ga ya dace mu yi bayani, domin akwai waɗanda wannan tsoro ya hana zuwa awo.

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, jiki yakan ƙera wasu ƙananan sinadarai da muke kira sojojin jiki, su zagaya cikin jini suna kama ta. Kowace cuta da nata sojojin, kamar yadda kowane kwaɗo yake da nasa makullin. Saboda haka idan aka ga sojojin wata cuta a jinin mutum, an san jikinsa ya taɓa gamuwa da ita. Gwajin HIV, wadda a Nijar da Kamaru aka fi sani da sida, haka yake aiki, haka ma na tunjere.

A cikin robar akwai wata siririyar takarda. Idan an ɗiga jini aka bi shi da ɗigon ruwan gwaji, sai ya riƙa tafiya cikin takardar kamar yadda kananzir yake hawa lagwanin fitila. A farkon hanya zai tarar da garin zinariya, zinariya ta gaske, amma ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai: sai an jera wajen 2,000 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Idan zinariya ta yi wannan ƙanƙanta takan bar launinta na rawaya ta koma ja. Ba sabon sani ba ne, tun 1857 wani masani a Landan mai suna Michael Faraday ya yi rubutu a kai. Kowace ƙwayar zinariyar an shafa mata wani ɗan ɓangare mai kama da na ƙwayar cutar, wanda aka haɗa a ɗakin bincike. Ba ƙwayar cuta mai rai ba ce, kuma ba ya shiga jikin kowa. Idan akwai sojojin cutar a jinin, sai su damƙe zinariyar su tafi da ita. A gaba, wurin da aka rubuta T, an ɗana musu tarko. Nan za su maƙale, zinariyar ta taru, jan layi ya fito. Idan babu su, zinariyar ta wuce abinta, wurin ya zauna fari.

Layin da ke wurin C kuwa shaida ce kawai cewa ruwan ya kai ƙarshe kuma robar lafiyarta lau. To, layi ɗaya a C na nufin ba a ga abin da ake nema ba. Layi biyu na nufin an gani, ko da na T ɗin ya yi dishi-dishi. Idan C bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a sake da wata. Zafi yana lalata su, shi ya sa ake ɓoye su a inuwa, ba a kuma karanta sakamako bayan lokacin da aka ƙayyade ya wuce. Zinariyar dai ba ta kai ta sayen ko goro ɗaya ba, don haka kada wani ya tara robobin da aka yi amfani da su. Akwai jini a ciki, a hana yara wasa da su.

Gwajin zazzaɓin cizon sauro ya ɗan bambanta. Shi wani sinadari yake nema wanda ƙwayar zazzaɓin take zubarwa a jini. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwaji kafin a ba da maganin zazzaɓi, don ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Idan an ce babu, kada ku yi fushi da ma'aikaci don bai ba da maganin ba. A bar shi ya nemi ainihin abin da ke damun yaron. Shi wannan sinadari kuma yakan yi makonni a jini bayan an warke, don haka ku faɗa idan an sha magani kwanan nan.

Inda muka fi so ku natsu shi ne maganar HIV. Jiki ba ya ƙera sojoji rana ɗaya. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci har wata 3. Wanda cutar ta shiga jikinsa makon jiya zai iya ganin layi ɗaya, shi ya sa ake cewa a dawo a sake. Layi biyu a gwaji ɗaya kuma bai isa a yanke magana ba. Tun 2019 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sai gwaji 3 daban-daban sun nuna a jere kafin a ce mutum yana ɗauke da ita.

Iyaye mata, ga abin da ya shafe ku. Jariri yakan zo duniya da sojojin jikin mahaifiyarsa, kuma suna iya zama a jininsa har wata 18. Layi biyu a jinin jariri bai nuna ya kamu ba. Shi wani gwaji ake masa daban, mai neman ƙwayar cutar kanta, yawanci yana da mako 4 zuwa 6. Mai ciki da ta san matsayinta da wuri ta fara shan magani, tana rage haɗarin kamuwar ɗanta ƙwarai. Tunjere kuma ana warkar da shi da allura, amma idan ba a gano shi ba yana iya kashe ɗa a ciki. A ganinmu wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa awon ciki tun watannin farko, kuma maigida ya raka.

Wanda yake shan maganin HIV tun a gida, kada ya sake gwaji don ya ga ko ya warke. Maganin kan iya sa layin ya ƙi fitowa alhali cutar tana nan. Idan gudu ya raba ku da magani ko katin asibiti, ku je ku faɗa, a ci gaba da ba ku.

Matsayin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a fili yake: ba a yi wa ɗan gudun hijira gwajin HIV dole, sakamakonsa sirrinsa ne, kuma cutar ba dalili ba ce na hana shi mafaka ko mayar da shi inda ya gudo. Babu ruwan sakamakon da katin abinci. Mu masu fassara ma amana ce a wuyanmu. Abin da muka ji a ɗakin awo, nan yake tsayawa. Kuna iya neman mace ta yi muku fassara, ko a sauya muku mai fassara idan kun san shi.

Wadda aka yi wa fyaɗe, ko wanda aka yi wa, kada a jira sakamakon gwaji. Akwai maganin kariya daga HIV, amma dole a fara shi kafin awa 72 su cika, gwargwadon saurin zuwa gwargwadon amfaninsa. A tafi asibiti kai tsaye, ko a zo ofishin kariya mu raka, ba sai an yi wa kowa bayani a bakin ƙofa ba.