Kada Mai Gadi Ya Cinye Abincin Gida

Akwai wani kuka da na ke yawan ji daga bakin akawuna da malaman makaranta duk sa'ad da na fita rangadi. Akawu ya ce ya kan kunna kwamfutarsa da safe, ya fita ya gaisa da abokan aiki, ya komo ya tarar ba ta gama farkawa ba. Malami kuwa ya ce in ya danna harafi sai ya jira kafin ya bayyana. Galibi a kan ce ai tsufa ne. Lalle tsufa yana ciki, amma sau da yawa abin da ya danne ta shi ne mai gadin da aka sa mata, watau manhajar nan ta tsaro da a ke kira antibairos.

Kafin mu yi maganar magani ya kamata mu san cutar. Ku ɗauki kwamfuta kamar ofis. Akwai akawun da ke aiki, shi ne firosesa. Akwai teburin da ya ke baza takardun da ya ke aiki da su, shi ne ram. Akwai kuma kabad inda a ke ajiye fayiloli duka, shi ne rumbun ajiya. In tebur ya cika, tilas akawu ya riƙa tashi yana mai da wasu takardu kabad yana ɗauko wasu, aiki kuwa ya tsaya. Haka kwamfuta ke yi in ram ya ƙare mata, ta koma jido daga rumbu, shi kuwa tsohon rumbu mai juyawa ba ya kusa da ram wajen sauri.

To, shi mai gadi aikinsa uku ne. Duk fayil ɗin da za a buɗe sai ya tare shi ya bincika. Lokaci lokaci kuma ya kan bi rumbu gaba ɗaya yana caje. Sa'an nan kullum ya kan shiga intanet ya karɓo sunayen sababbin ɓarayi. Duk wannan a kan teburin nan guda ya ke yinsa.

Ga inda matsalar ta ke. Da Windows XP ta fito a 2001, ram na megabait 128 kamfanin Microsoft ya ce a nema. Windows 7 ta 2009 ta bukaci gigabait 1 ko 2. Windows 11 ta 2021 ba ta yarda da ƙasa da gigabait 4 ba. Masu ƙera manhajar tsaro kuwa da sababbin kwamfutoci su ke awo, har wata ta kan ci ɗaruruwan megabait ita kaɗai. Mu kuma yawancin na ofisoshinmu na hannu ne, an gama cin moriyarsu a wata ƙasa kafin su zo mana. Ka ga ke nan an kawo ƙaton mai gadi gidan da tukunyarsa ƙarama ce.

Abin ba yau ya fara ba. Waɗanda suka yi aiki da Windows 95 da 98 za su tuna da gargaɗin nan cewa kayan aikin na'ura sun kusa ƙarewa. A zamanin nan wasu 'yan aljihuna ne na kilobait 64 ke cika, ƙarin ram kuwa ba ya faɗaɗa su, sai dai a rage manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta. Daga Windows 2000 da XP an rabu da wannan ƙunci, amma dabarar rage kaya tana nan da amfaninta.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. A wata kwalejin horon malamai, kwamfutar da ke riƙe da makin ɗalibai ta yi nauyi ana saura mako guda a miƙa sakamako. Akawun ya ce mini, "Ranka ya daɗe, ni dai cire antibairos ɗin nan zan yi in huta." Da muka duba sai muka tarar ba ɗaya ba ne, uku ne. Na fari na gwaji ne, da shi aka sayo ta, wa'adinsa ya ƙare tuntuni amma yana nan yana cin wuri. Na biyu mai gyara ne ya sa. Na uku wani malami ya ƙara bayan filashinsa ya kwaso cuta. Kowane fayil sai an caje shi sau uku, su kansu masu gadin suna caje juna. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle uku. Muka bar ɗaya, kwamfuta ta miƙe, aka gama aiki a kan kari.

Saboda haka ga shawarata. Da fari a auna kafin a yanke hukunci. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani allo zai fito mai suna Task Manager, wanda ke nuna abin da kowace manhaja ke ci na firosesa da ram da rumbu. Kada a duba da kunnawa kaɗai, a bar ta ta yi kamar minti goma tukuna. In sunan manhajar tsaro ne kullum a sama, an kama mai laifi. Wanda ya ga Antimalware Service Executable kada ya tsorata, mai gadin Windows ne na gida. In kuwa manhajar shiga intanet ce mai shafuka ashirin a buɗe, to, mai gadi ba shi da laifi.

Na biyu, a bar mai gadi ɗaya rak. Tun daga Windows 8 ta 2012, kowace Windows da nata ta ke zuwa, watau Defender, ba a biyan ko kwabo, kuma in an sa wani ya kan ja da baya da kansa. Ga aikin ofis na yau da kullum ya isa. Amma cire sauran sai an bi ta hanyar cirewa sosai, ba goge hotonsu daga fuskar allo ba. Kamfanoni irin su Norton da McAfee suna da 'yar manhaja ta musamman mai kwashe ragowar kayansu. In an gama a kashe kwamfuta a sake kunnawa.

Na uku, a tsara wa mai gadi lokaci. Babban caje na rumbu duka a mai da shi lokacin hutun azahar, sau ɗaya a mako. Kada a sa shi tsakar dare, gama a lokacin kwamfutocinmu a kashe su ke, sai ya taso da safe daidai sa'ad da a ke bukatar aiki. Tsaron bakin ƙofa kuwa, watau binciken kowane fayil da za a buɗe, kada a taɓa shi. A kashe tarkacen da a kan haɗo da shi, irin masu cewa za su share kwamfuta su ƙara mata sauri. A kuma rage manhajojin da ke tashi da kunnawa.

Na huɗu, in da hali a faɗaɗa tebur. Ƙarin ram daga gigabait 2 zuwa 4, da musanya tsohon rumbu da sabon iri marar juyawa da a ke kira es-es-di, su kan mai da tsohuwa yarinya, kuɗinsu kuwa bai kai na sabuwar kwamfuta ba. A kuma busa ƙurar hunturu daga fanka, don firosesa in ya yi zafi da kansa ya kan rage gudu.

Abin da na ke roƙo shi ne kada gajiya ta sa a kori mai gadi ɗungum, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe fiye da 150 tana neman fansa, har asibitoci a Ingila suka ɗage ganin marasa lafiya. Microsoft kuwa ta riga ta fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris, waɗanda ba su sa ba su aka ci.

Nan ne gaskiya mai ɗaci ta ke. Microsoft ta daina yi wa XP faci a Afrilu 2014, ta daina wa Windows 7 a Janairu 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoba 2025, in banda waɗanda suka shiga tsarin ƙarin lokaci. Gidan da katangarsa ta zube, kome ƙwazon mai gadi ba zai tsare shi ba. Irin wannan kwamfuta ko dai a raba ta da intanet a bar ta da buga takardu, a riƙa caje kowane filashi kafin a buɗe, ko kuwa a sa mata Linux marar nauyi, kamar Lubuntu, wadda kyauta ce.

Daga ƙarshe, duk takardar albashi ko makin ɗalibai a ajiye kwafinta a wani wuri dabam kowace Juma'a. Shugabannin ofisoshi kuma su hana kowa sa manhaja yadda ya ga dama, a ɗora wa mutum ɗaya wannan nauyi. Amanar jama'a ce a cikin akwatunan nan. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, amin.