Tsuntsaye 'Yan Cin Rani A Ƙasar Kurmi

Duk wanda ya fito cikin watan Maris bayan an idar da sallar asuba, ya bi ta karar shanu da ke gindin gadar Kwara a Anacha, ko kasuwar Gariki ta Inugu, ko wajen Hausawan Oyigbo kusa da Fatakwal, zai gane ba 'yan Adam kaɗai ke zuwa cin rani Kurmi ba. Ga belbela nan fara fat tana bin sawun shanu, ga shirwa tana shawagi bisa mahauta, sai ka ce a Wudil ake ranar kasuwa.

Su ma daga Arewa suka zo. Idan kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, fari suka yi wuya, sai belbela ta gangaro kudu. Shirwa kuwa har sheƙa take yi a can cikin rani, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta. To, da yake ruwa yakan riga sauka a Kurmi, daga Maris zuwa Afrilu sai su fara haramar komawa, suna bin damina sannu a hankali. Mai sa'a yakan hangi garken shamuwa can sama, ta taso daga kudancin Afirka ta nufi ƙasar Hausa, inda manomi ke jiran ganinta kafin ya gyara garma. A lokacin ne kuma tsattsewar Turai, wadda ke kwana dubbai bisa dubbai cikin ciyawar tsaunukan Boje a Jihar Kuros Riba, take tashi ta ƙetare Sahara.

Kallon tsuntsaye da ɗaukar hotonsu ba ya bukatar dukiya, haƙuri yake so. Masu yinsa sukan fito kafin rana ta yi zafi, su ba ta baya don haske ya faɗa kan tsuntsun, su tsaya wuri guda har ya saki jiki. Farar riga takan kore shi tun daga nesa. A cikin kara kuwa, ladabi shi ne a fara gaida sarkin fawa a nemi izini, domin ba kowane mahauci ke son a auna masa kyamara yana tsakiyar aiki ba, kuma yana da gaskiyarsa.

Sai dai akwai wadda mai kallo zai nema ya gaji, wato angulu. A da babu mahautar da ba a ganinta jere bisa rufin kwano tana jiran a watsar da ƙazanta, har mutane ba su kula da ita. Yau sai a yi kwanaki ba a ga ko guda ba, hankaka da karnuka sun gaje wurin. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun duniya, ta sa wannan angulu ta cikin gari a sahun tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Babban abin da ya jawo haka a ƙasar nan shi ne farautarta, domin ana sayar da kanta da ƙwanta da gashinta a rumfunan masu magani don tsubbu, Kudu da Arewa, kuma ba a rasa 'yan uwanmu cikin wannan fatauci. Guba da ake sa wa mushe ita ma ta kashe da yawa. Abin takaici, ƙwai ɗaya tak angulu ke yi a shekara, saboda haka wadda aka kashe ba ta samun magajiya da wuri. Mushen da take cinyewa cikin sa'o'i kaɗan yanzu sai ya kwana yana ruɓa kusa da inda ake sayar da nama.

A nan ne hoto ke da amfani. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis, da ke ƙauyen Laminga kusa da Jos, ta ƙaddamar da aikin ƙidayar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An rarraba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, mai sa kai ya zagaya aƙalla sa'a biyu, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani cikin wayarsa ya aika. Ɗan tireda ko makiyayi da ya san belbela da carki tun yana yaro ya riga ya yi rabin karatun, abin da ya rage masa sanin sunayensu na littafi. Idan ya ga angulu, ana so ya ɗauki hotonta daga nesa, ya rubuta rana da wuri, amma kada ya bayyana wa kowa bishiyar da ta yi sheƙa.