Tsofaffin Baburan Kafanchan: Ko Sikelin 'Yan Gwangwan, Ko Hannun Mai Gyara

Duk wanda ya san Kafanchan ya san jirgin ƙasa ne ya raya ta. Tun cikin 1927 da hanyar dogo wadda ta taso daga Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna, aka kuma fid da reshe zuwa Jos, garin ya zama mahaɗa, ya cika da direbobi da 'yan wuta da maƙeran reluwe daga ko'ina cikin Nijeriya. Mutane ne waɗanda inji bai ba su tsoro, ba mamaki ke nan da babur ya sami karɓuwa a wannan yanki.

Amma abin bai bunƙasa sosai ba sai zamanin Udoji. Sa'ad da Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta karɓi rahoton hukumar nan a 1974, ta ƙara albashi, aka kuma biya bashin watanni a dunƙule farkon 1975, sai malaman makaranta da na asibiti da na gona da ma'aikatan reluwe suka jingine kekunansu suka hau babur. Wanda ya fi shiga ran jama'a kuwa shi ne Honda CD175, mai fistin biyu da giya huɗu. Yana da ɗan'uwa na gudu, watau CB175, mai kafireta biyu da giya biyar, wanda samari masu ji da kansu suka fi so.

Daga 1986, da aka karya darajar naira, kayan gyaran Japan suka gagari talaka. Daga baya Jincheng na Sin da Bajaj na Indiya suka mamaye hanya. Sai tsofaffin suka koma bayan ɗaki, wasu cikin ɗakin ajiya tare da buhunan citta, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsu. Yau kuwa masu zuwa neman su 'yan gwangwan ne, su kuma ba ruwansu da suna ko tarihi, nauyi kawai suke aunawa. Babur ɗin da ya shiga sikeli ya tafi ke nan, haka ma tsofaffin makanikan da suka san cikinsa suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

To, mu ɗauka wani ya gaji irin wannan babur daga mahaifinsa, ya yi niyyar tashe shi a tsakar gida da hannunsa. Me ke gabansa?

Abu na fari shi ne haƙuri. Kada ya ɗora ƙafa a kan kik ya taka da ƙarfi don ya ji ko injin yana da rai. Kudancin Kaduna ƙasar ruwa ce, damina tana daɗewa a gindin duwatsun Kagoro fiye da yadda take yi a Zariya ko Kano, laima kuwa tana shiga ta salansa har ta kai ga fistin ta liƙe shi da tsatsa. Wanda ya matsa masa zai karya zobban fistin, ya ƙarje silinda. Dabara ita ce a kwance fulogi, a ɗiga baƙin mai gauraye da kananzir, a bar shi kwanaki, sa'an nan a riƙa gwada juya shi a hankali.

Idan aka zo kwance-kwance, sai a tanadi gwangwanayen madara, kowane sashe da nasa, a rubuta a jiki. Wannan kamar wasa ne, amma aikin da zai ɗauki watanni ana yinsa Asabar da Asabar, ba ƙwaƙwalwar da za ta riƙe inda kowane noti ya fito. Tanki kusan kullum akan same shi da tsatsa, sai a zuba masa ƙananan notoci da kananzir a yi ta girgizawa har ya fita fes. Ramukan kafireta kuwa a jiƙa su a hura, kada a zura musu waya, gama da zarar ramin ya faɗaɗa babur ya zama mashayin fetur har abada. Tun kuwa da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, ba mai son irin wannan baƙo a gidansa.

Wurin da waɗannan injuna suka fi mutuwa shi ne sama, can kan inji. Sandar da ke buɗe bawul tana bisa, sarƙa ce ke juya ta, kuma in baƙin mai ya ƙazantu ko ya yi ƙasa ita ce ta fara cin wuya. Kamfanin Honda da kansa ya gane haka. Injiniyoyinsa sun zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 1974 suka ga yadda mutane ke hawa ba canjin mai, shi ya sa a 1975 suka fito da CG125, wanda aka sauko da sandar nan ƙasa don ya jure sakaci. Saboda haka mai gyaran 175 ya duba kan inji da kyau kafin ya kashe ko kwabo a kan fenti, ya kuma wanke matatar mai da ke gefen inji, wadda da yawa ba su ma san da ita ba. Tazarar bawul milimita 0.05 ce, ta kontak kuma 0.3 zuwa 0.4. Ba aikin ido ba ne, sai da ma'auni.

Akwai abin da ba ya yiwuwa a gida. In silinda ta cinye, dole a kai wa masu injin yankan ƙarfe su faɗaɗa ta, a nemo fistin da ya ɗara na asali. Neman kayan shi ne rabin wahalar. Akan yi sa'a a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, wani abin kuwa sai an aika Nnewi, cibiyar kayan babur ta ƙasar nan. Sau da yawa ma mafita ita ce a sayi mataccen babur na biyu a riƙa cire masa. A kuma tuna yawancin CD175 batir mai bolt 6 suke amfani da shi, alhali ƙwayayen fitilar kasuwa yanzu na 12 ne.

A ganina, wanda yake neman abin acaba ko na jigilar citta daga Kwoi zuwa kasuwa, to, ya sayi Bajaj ya huta, domin kuɗin gyara da lokacin da zai ɓata ba za su dawo masa ba. Wannan aiki na mai son abin ne, da wanda yake so ɗansa ya koyi riƙon sifana a gabansa.

Sai batun takardu, wanda bai kamata a bar shi sai ƙarshe ba. Babur ya zama abin zargi a jihar nan saboda ɓarnar 'yan bindiga, har a Satumban 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawansa baki ɗaya na wata uku. Don haka tun kafin a taɓa noti ɗaya a duba lambar firam da ta inji, a gwada su da tsofaffin takardu, a sabunta rajista.

Ranar da ya tashi, a sa masa sababbin tayoyi da takalman birki, ko da tsofaffin suna da kyau a ido, domin roba da gam suna mutuwa da shekaru. Kilomita ɗari biyar na farko a bi shi sannu, daga Kafanchan zuwa Kagoro a komo, a zubar da man farko da wuri. Hawan dutsen Jos ta Gidan Waya sai bayan zobba sun zauna.